Awon Jinin Adda

Mahaifiyata ba ta taɓa kiran sunana ba. Ba faɗa muka yi ba, ba kuma tsanata ta yi ba. Ni ce 'yar farinta, kuma a gidan da ta tashi, can cikin lungunan Ƙofar Taramniya, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa, ba ta nuna ta san da zamansa in da mutane a wurin. Kunya ake ce wa abin, ana kuma yabon mace da ita kamar yadda ake yabonta da iya girki. Mata da yawa sama-sama suke yi, yaro na yin wayo su saki jiki. Tawa uwar kam ta riƙe abin da hannu bibbiyu. In tana so in miƙo mata ludayi sai ta dubi bango ta ce, "Wani shi miƙo mani ludayi," ko da kuwa daga ni sai kaji a tsakar gidan.

Ana yaye ni aka kai ni wurin kakata, wadda ta haifi mahaifiyar tawa, kuma a hannunta na girma. Ita nake kira Inna. Uwata kuwa Adda nake ce mata, don sunan da na ji ƙannenta suna kiranta da shi ke nan, ita ce babba a ɗakinsu. Tana aure a Gawon Nama, inda Baba yake da gida, shi kuma atamfa yake sayarwa a kasuwa. Sai da na shiga firamare wata yarinya mai tsinin baki ta gaya mini cewa wannan doguwar matar da muke zuwa gaisarwa ranar Juma'a ita ta haife ni. Na dawo gida a guje na tambayi Inna. Ta ce, "To wa kika tsammani tah haihe ki, akuya?" Ta ci gaba da damun furarta.

Ba zan ce na rasa wani abu ba, Allah ya gani. Inna ta shagwaɓa ni har maƙwabta suna magana. Atamfar da ta fi kowace kyau a shagon Baba ita ake ɗinka mini da salla, kuma sai daga baya na gane wace ce take zaɓenta. Amma yaro ba atamfa kaɗai yake so ba. Ranar Juma'a sai in zauna a bakin tabarma ina kallon ƙannena suna hawa cinyarta, tana tsefe wa wannan kai, tana goge wa wancan hanci da bakin zane, tana ƙwala musu kira da sunayensu har a ji a zaure. Har zagin da take yi musu sha'awa yake ba ni. Na sha yin ɓarna da gangan, in zubar da ruwan buta ko in taka faifai, ko Allah zai sa ta ɗaga hannu ta make ni. Sai dai ta ce wa iska, "Wasu dai ba su da natsuwa," ta kau da kai.

Haka muka zauna har na gama sakandare aka ba ni gurbin karatun aikin jinya a jami'a, nan cikin Sakkwato. Baba ya zagaya layin 'yan atamfa yana ba da labari, har ya ƙara mini girma ya ce likita zan zama. Adda tana gaban murhu lokacin da aka faɗa mata. Ta ce wa tukunya, "Allah shi sa albarka."

Shekarar farko ko majinyaci ɗaya ba mu gani ba, sai allo da sunayen ƙasusuwa da zafin Sakkwato, wanda kan sa biro ya yi amai a cikin jaka. A ta biyu aka shigar da mu ɗakin gwaji, mai gadaje irin na asibiti, da wani mutum-mutumin roba kwance a kan ɗaya, baki buɗe. Shi muka fara yi wa wanka, shi muka koyi juyawa, shi muka yi ta soka wa allura har cinyarsa ta yi laushi. Ba ya ƙorafi, shi ya sa muke ƙaunarsa.

Mai koya mana aikin hannu wata gajeriyar mata ce da ta tsufa a aikin nas kafin ta koma koyarwa. Malama kawai muke ce mata. Da Turanci take darasi, amma da zarar ranta ya ɓaci sai Sakkwatanci ya zubo, kuma ranta ba ya wuyar ɓaci. Babu abin da ta fi tsanantawa a kai irin ƙirga bugun jijiya a wuyan hannu, abin da muke ganin ko ɗan firamare zai iya.

"Ki yi sallama," in ji ta. "Ki hwaɗi abin da za ki yi. Ki murza tahin hannunki shi yi ɗumi, ba kihi za ki taɓa ba. Yatsa ukku bisa jijiya, ban da babban yatsa, shi nashi bugu garai. Sannan ki ƙirga minti guda cur."

Ɗalibai suna da dabara, su ƙirga rabin minti su ninka. In ta kama ki, ranar kin shiga uku.

"Mi kika gaggawa?" za ta ce. "Mutum ya ba ki hannunai, ke ba ki iya ba shi minti guda?"

Da aka fara kai mu asibitin koyarwa, ɗakin mata aka tura ni. Na sa farar riga mai sabon guga ina takawa kamar ni na gina asibitin. Mutum na farko mai rai da na riƙe wa hannu wata tsohuwa ce daga ƙauyukan fadama, manoman shinkafa, tafin hannunta duk kanta. Na yi duk yadda aka koya mini. Da na gama zan zare hannuna sai ta damƙe shi ta ce, "Sannu ɗiyata, Allah shi yi miki albarka." Na fita baranda na yi kamar wani abu ne ya faɗa mini a ido. Har haushi abin ya ba ni. Matar da ba ta san ni ba ta faɗi, a banza a wofi, kalmar da na yi shekaru ina jira daga wani bakin.

Da jarrabawar aikin hannu ta matso, Malama ta ce kowa ya je gida ya koyi awon jini a kan mutanen gidansu, ta gaji da ganin muna wahalar da marasa lafiya. Baba ya sayo mini abin awo irin na hannu, mai maɗaurin dantse da 'yar robar da ake matsawa da ɗan agogo, da kuma abin sauraro da ake saƙalawa a kunne. Da Inna na fara. Safe awo, yamma awo, har ta ce in na tsinke mata dantse ni zan riƙa yi mata daka. Kafin mako ya zagayo tsofaffin lungunmu sun ji labari, suka riƙa zuwa suna zama a layi a gindin dogon yaro, kowace da nata ciwon gwiwa da take so in auna.

Ranar Juma'a na ɗauki kayana na hau kabu-kabu zuwa Gawon Nama. Baba ya dawo daga masallaci, na auna shi, na auna ƙannena suna ta dariya don abin yana matse su, na auna har matar maƙwabci da ta shigo aron turmi. Duk wannan hidima Adda tana gefe ta ba mu baya, tana tsintar shinkafa a faifai.

Baba ya ce mata, "Ke kaɗai tar rage."

Ta ce, "Ni lahiyata lau."

"Ba don ciwo ba na. Jarrabawa ag gare ta. Ko kina so ta hwaɗi?"

Ta gama tsintarta a natse, ta aiki yaran sayen abin da na tabbata akwai shi a gidan, ta jira Baba ya fita zaure, sannan ta shige ɗaki. Ni dai na fara naɗe kayana. Can sai na ji murya daga bayan labule, ba da ni ake ba, da labulen ake:

"In don karatu na, a zo a yi a gama."

Na yi sallama a ƙofar ɗakin uwata kamar yadda Malama ta koya mini in yi wa baƙo. Tana zaune a bakin gado, ta juya fuskarta bango, ta miƙo hannun hagu can nesa da jikinta. Ɗakin yana ƙamshin turaren wuta da man kaɗe. Na durƙusa, na murza tafin hannuna, na faɗi abin da zan yi da muryar da ni kaina ban gane ta ba. Sannan na ɗora yatsuna uku.

Ban taɓa ganin hannun nan kusa haka ba. Akwai lalle da ya fara koɗewa a faratanta. Akwai wani tabon ƙuna a ƙasan wuyan hannun, irin na man suya, tsoho, wanda ban san da shi ba, alhali na tabbata autarmu ta san ranar da aka yi shi. Fatar ta fi yadda nake zato laushi. Shekarata ashirin a duniya, kuma a iya wayona ranar na fara taɓa jikin matar da ta haife ni.

Jijiyar tana gudu. Ba irin ta Baba ba, mai tafiya a hankali kamar mai komawa gida daga kasuwa. Wannan bugawa take yi da sauri da ƙarfi a ƙarƙashin yatsuna. Na ƙirga, lissafin ya ɓace mini a tsakiya, na sake daga farko, kuma ba zan rantse cewa ɓatan nan duka kuskure ne ba. Na ɗaura mata maɗaurin, na matsa, na saurara. Jinin ya hau sosai.

"An gama?" ta tambayi bango.

Na ce, "An gama, Adda. Amma jininki ya hau."

Ta ce, "Rana ta." Ta ja mayafinta ta rufe hannun.

Juma'a ta gaba ma haka, ta bayanta ma haka. Na ci jarrabawa, amma ban daina zuwa da kayan ba, ita ma ba ta ce in daina ba. Kullum sai ta kori yara, kullum da labule take magana, kullum jinin a sama. Hankalina ya tashi, don a lokacin an mayar da mu ɗakin da ake kwantar da waɗanda hawan jini ya shanye wa ɓarin jiki. Ina juya su, ina share musu yawu, ina ganin mata sa'o'inta da baki a karkace suna neman kiran 'ya'yansu harshe ya ƙi. Sai in ce a raina, in wannan ya sami Adda shi ke nan, ko ta so kirana wata rana babu hali.

Ɗalibin da ya san abu kaɗan ya fi annoba. Na kafa doka a gidan Baba. Na hana gishiri, na hana ɗunƙulen miya, na hana man shanu, na hana kilishin da Baba kan shigo da shi. Ƙanwata mai bi mini ta ce tun da na fara karatun nan miyar gidansu ta koma ruwan wanke kwano, in ma kashe su zan yi in faɗa musu. Abin mamaki, Adda ta bi dokar. Ba ta taɓa cewa ta yarda ba, amma gishiri ya bar tukunya.

Da na gaya wa Inna zancen hawan jinin, sai ta ɗauki carbinta. Ita ma Adda ce 'yar farinta, ita ma ban taɓa jin ta kira sunanta ba. In na dawo ranar Juma'a iyakarta ta ce, "Ya mutanen Gawon Nama?" Amma ranar, bayan ta gama jan carbi, sai ta tambaye ni ba tare da ta dube ni ba:

"Hannun nata, da kir riƙa, ya rame?"

Na ce bai rame ba. Ta ce to madalla, ta tashi ta shiga ɗaki.

Da ƙyar, sai da Baba ya sa baki, Adda ta yarda ta je asibiti. Na zaɓi ranar da Malama take duba ɗalibai a sashen masu zuwa su koma gida, don ina so ta ga irin ɗalibar da ta horar, wadda ta gano ciwo tun bai kayar da mutum ba. Muka zauna a benci, Adda a wannan ƙarshe ni a wancan, wata mata mai goyo a tsakaninmu.

Malama ta gaishe ta da girmamawa, ta murza hannu, ta riƙe wuyan hannunta, ta auna jinin. Ta sake aunawa a ɗaya hannun. Ta dube ni ta saman tabarau.

"Ina hawan jinin?"

Na ce wallahi kullum a sama nake samunsa. Ta ce in kawo abin awona, wataƙila shi ne ya lalace. Ta auna Adda da shi da kanta, lafiya lau, jini kamar na budurwa. Ɗalibai 'yan ajinmu da ke wurin suka fara murmushi, ni kuwa ji nake kamar ƙasa ta tsage in shige.

"To zo ki auna gabana in gani," in ji Malama. "Wataƙila kunnenki na ab ba shi da lahiya."

Adda ta dubi ƙofa. Ban taɓa taɓa ta a gaban mutane ba, kuma na ga yadda ta ƙanƙame bakin mayafinta. Amma asibiti ne, ba ta da labulen da za ta shige. Ta miƙo hannun, ta kau da kai. Na ɗora yatsuna. Malama kuwa ba ta saki ɗaya hannun ba, tana riƙe da shi tana kallon agogonta.

Nan take jijiyar ta ɗauki gudu. Na ji ta, kuma na san Malama ta ji ta a nata ɓangaren, don na ga girarta ta ɗaga. Ta dubi Adda, wadda ta ƙura wa bango ido kamar an rubuta wani abu a jikinsa. Ta dube ni. Ta ci gaba da ƙirga har mintin ya cika, don ko a nan ba za ta yanke shi ba. Sannan ta kori sauran ɗaliban, ta ce su je su ga ko an kawo sababbin katunan marasa lafiya.

Ta tambaye ni a hankali, "Ke ta ɗiyar hwari?"

Na ce, "Ni ce."

Ta saki hannun Adda, ta gyara mata mayafi, ta ce, "Hajiya, lahiyarki lau. Ki koma gida ki ci gishirinki."

A baranda ta tsayar da ni, Adda ta riga ta yi gaba. Ta ce na karanta a littafi cewa akwai mutanen da jininsu kan hau da sun ga farar riga, don tsoron asibiti, in sun koma gida ya sauka. Na ce na karanta.

"To uwarki ba hwarar riga ka tada mata jini ba," in ji ta. "Ke ta."



"Ni ma ina da nawa ɗan hwarin," ta ce. "Namiji na, gemu garai yanzu, har da ɗiya. In ya shigo gaishe ni, har yau ban san inda zan aje idona ba." Ta buga mini fayil a kafaɗa. "Wuce ki kai ta gida, kin sa baiwar Allah cin lami wata da watanni."

A hanya ba mu yi magana ba. Da ma ba ma yi. Amma wannan shirun daban ne, don na san ta ji tambayar da Malama ta yi mini, kuma Adda ba yarinya ba ce. An kama ta, kuma ni na kai ta inda aka kama ta.

Farin cikin da na yi a ranar ba shi da misali. Na riƙa tafiya ina jin kamar in tare mutane a titi in gaya musu. Duk shekarun nan da take magana da bango da tukunya, ashe abin yana nan, yana bugawa, ba ta dai da ikon hana shi ne a wuyan hannu. Amma kafin magariba murnar ta koma ciki. Na tuna cewa ciwon nan shi ne hanyata ɗaya tilo zuwa ɗakinta. Jarrabawa ta wuce, ciwo kuma babu. Da hannuna na je na rushe dalilin. Yanzu da wane baki zan ce ta ba ni hannu, ita kuma da wane ido za ta bayar, bayan ta san abin da nake ji in na riƙe?

Makon nan ya yi mini tsawo. A asibiti na riƙe hannaye iri-iri, na masu ciki, na tsofaffi, na wata amarya da zazzaɓi ya kayar, kowanne na ba shi mintinsa, amma raina yana Gawon Nama. Ranar Juma'a na sa abin awon a jaka na cire, na sake sawa na sake cirewa. Inna tana kallona daga kan tabarma.

Ta ce, "Ɗauki abinki ki tahi, kin ishe ni da kai da kawowa. Nauyi garai?"

Na je. Miya ta dawo hayyacinta, ƙanwata har da yi mini gwalo. Na gaida Adda, ta amsa wa murhu. Na ci abinci, na yi hira da Baba, jakata tana rataye a ƙusa ban ko dube ta ba. Aka yi la'asar. Na ga yaran sun watse ɗaya bayan ɗaya, amma ban yarda na sa rai ba. Na sa takalmina, na ɗauki jaka, na ce sai wata Juma'ar. Har na kai bakin zaure.

"Waɗanga na asibiti gaggawa ag gare su," aka ce daga bayan labule. "Ni ban yarda da awonsu ba."

Na cire takalmin.

Tana zaune inda ta saba, fuska a bango, hannu a miƙe. Na murza tafina na riƙe. Jijiyar tana ta gudunta, ta san na ji, na san ta sani. Na ƙirga mintina cur. Na ce, "Ya ɗan hau, Adda. Sai an riƙa dubawa."

Ta ce, "To a riƙa dubawa."

Haka muka yi ta yi. Na gama jami'a, na yi aure, na kama aiki a asibitin da na koyi aikin, Inna ta rasu, ƙannena suka watse gidajensu. Aka daina yayin irin abin awona, aka koma na batir mai nuna lamba da kansa, amma ni ban canza ba, don shi na batir ba ya bukatar a riƙe hannun mutum. Duk Juma'ar da ba ni da aiki ina Gawon Nama bayan la'asar. Ba mu taɓa yin hirar kirki ba. Ba ta taɓa tambayata yadda gidan mijina yake ba, sai dai ta tambayi ƙanwata. Minti ɗaya ne, sai ta ce, "An gama?" in ce an gama. Wani zai ce wannan ai ba komai ba ne. Ni dai shi aka ba ni, kuma ban taɓa yanke shi rabi na ninka ba.

Ciwon da ya kwantar da ita daga ƙarshe ba shi da alaƙa da jini. A ɗakin mata aka ba ta gado, kusa da taga, ɗakin da na fara aiki ina ɗaliba. Abokan aikina sun san uwata ce, suna ta mamakin yadda take hira da kowace nas, tana sa musu albarka, amma in na shigo sai ta rufe ido. Ƙannena su ke yi mata wanka, su ke ba ta abinci a baki. Ni sai in tsaya a ƙarshen gado ina duba ledar ƙarin ruwa da ba ta bukatar dubawa. An maƙala mata wani ɗan abu a yatsa mai haɗe da na'ura, yana nuna bugun zuciyarta dare da rana, don haka ko wannan aikin an ƙwace mini.

Wata rana da hantsi, likitoci sun gama zagaye, ƙanwata ta fita wanke kwanuka, na shigo na tarar ta zare abin daga yatsanta, na'urar tana ta ƙara. Na kashe ƙarar, na ɗauko shi zan mayar. Ta janye hannun. Ta dubi taga ta ce, da muryar da sai na sunkuya na ji:

"Wanga abu sanyi garai. A yi da hannu."

Na murza tafina. Hannun ya rame, da Inna tana da rai ta tambaye ni da ban san abin da zan ce mata ba. Tabon ƙunar yana nan. Na lalubi jijiyar da ƙyar, siririya, tana tafiya a hankali, tana tsayawa kamar mai hutawa a hanya. Na riƙe na fara ƙirga. Sai na ji ta ɗaga. Ba da yawa ba, ƙarfin ya ƙare, amma ta ɗaga, ta ɗan yi sauri a ƙarƙashin yatsuna kamar yadda ta saba.

Minti ya cika. Na san ya cika, ita ma ta sani, ta shekara nawa tana jin tsawonsa. Na jira ta ce, "An gama?" Ba ta ce ba. Muka zauna haka, tana kallon taga ina riƙe da ita, har ƙanwata ta dawo da kwanukan, kuma ko da ta ji shigowarta ba ta janye ba.

Bayan 'yan kwanaki Allah ya karɓi abarsa.

Yanzu ni nake tsayawa a kan ɗalibai a ɗakin gwaji, ni nake yi musu faɗan minti guda, kuma na ji suna cewa na cika tsanani. 'Yar farina kuwa kiran sunanta nake yi safe da yamma har ta ce na ishe ta. Wani lokaci akan tambaye ni ko abin bai dame ni ba, uwa ta rayu ta mutu ba ta kira sunanka ba. Ya dame ni mana. Har gobe ina so in ji yadda zai fito a bakinta, ko ja za ta yi ko gajartawa. Amma ba shi na fi kewa ba. Ranar Juma'a in aka sallame la'asar, sai in tsinci kaina ina murza tafin hannuna ya yi ɗumi, alhali babu wanda zan riƙe.